Katin da Kawu Lado Ya Sayo a Kano

Kawu Lado ƙanen mahaifiyata ne. Magini ne, ɗan Sarkin Magina, daga ƙauyenmu Gidan Mailafiya a ƙasar Taura. Ya zo Dutse yana saurayi, lokacin da garin ya zama babban birnin jiha ana ta yanka filaye, bai zo da komai ba sai cokalin gini da igiyar awo na mahaifinsa. Har yau in muka wuce ta Takur ko Gida Dubu a keke-napep, sai ya nuna wani gida da haɓa ya ce, "Hannuna ne." Ba ya ƙara komai a kai, kuma ba ya jiran a yaba.

Yana tsakiyar ƙarfinsa wani katako ya karye da shi a saman bene. Ƙugunsa ya goce, ya yi doguwar jinya tsakanin asibiti da mai ɗori, ya tashi da sanda. Hawa sama ya ƙare masa. Wani injiniya da ya taɓa yi wa aiki ya tausaya masa, ya bar masa tsohuwar kwamfutar ofishinsa, irin mai babban akwati da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Da yatsa ɗaya Kawu ya koyi zana gida a cikinta. Ya kama shago a titin Kiyawa. Mai fili ya zo ya faɗi faɗin filinsa da yawan iyalinsa, Kawu ya zana masa ɗakuna da tsakar gida da inda rana za ta faɗi a kan kicin. Ba shi da fara'a da masu zuwa. In mutum ya ce a matse banɗaki a ƙara falo, sai ya kalle shi ya ce, "A falon za ka yi wanka?" Duk da haka suna dawowa, don gidan da ya zana ba ya ba magina wahala.

A ƙauye kam ba su taɓa ɗaukar wannan sana'a ba. Abin da suka sani shi ne ɗan Sarkin Magina ya faɗo, ya koma zaman kallon talabijin a birni. Yana jin maganar, tana kuma ci masa rai fiye da ƙugun.

Bayan na gama jami'a, ina jiran a kira mu bautar ƙasa, Umma ta ce in riƙa zuwa shagonsa ina buga wa ɗalibai takardunsu a ƙaramar kwamfutata. A lungu nake zama, bayan ƙofa. Daga nan ana hango shagon da ke tsallaken titi, na Kawu Ɗan'inna.

Kawu Ɗan'inna mai gyara ne. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, yanzu waya da kwamfuta. Mahaifiyarsa, Dada, ƙanwar mahaifin Kawu Lado ce, wato dai taubasai ne. Kowa a layin ya san haka, don kullum safiya da zagi suke buɗe shago.

"Gurgu, an iso? Na ɗauka sai azahar sandar za ta kawo ka."

"Bawa, wa ya ba ka izinin magana ubangidanka bai zauna ba? Zo ka share min ƙofa."

Tela da mai shayi su yi ta dariya. Ni ma da farko dariya nake yi a cikin hijabi. Sai da na daɗe a lungun nan na lura su biyun ba sa dariyar. Baki ne kawai ke motsi, ido a bushe. Umma ce ta ba ni tushen abin. Kawu Lado ne ya gina gidan Kawu Ɗan'inna, bango ɗaya ya tsage a damina ta biyu. Mai gida ya ce magini ya ci amana, magini ya ce mai gida ne ya yi rowar siminti. Ba a taɓa zama an warware ba. Da Kawu Lado ya faɗo, Kawu Ɗan'inna ya je dubiya, ya tsaya a kansa yana nishi a gado, ya ce, "To, yau gini ya rama." Mutanen ɗakin suka yi dariya, ai taubashi ne. Tun daga ranar duk abin da ɗaya ke son ya soka wa ɗaya, sai ya naɗe shi a cikin wasa ya miƙa. Ba mai shiga tsakani, don ba a raba wasan taubasai.

Daminar bara ta ci bangon gabas na masallacin Juma'ar ƙauyenmu. Masallacin ƙasa ne, mahaifin Kawu Lado ne ya gina shi da hannunsa. Aka kafa kwamiti a ƙarƙashin liman, Malam Abdurrahim, aka yanke a rushe a yi na bulo. Wasu a kwamitin suka kawo sunan wani ɗan kwangila daga Ringim. Da labari ya iso Dutse, Kawu ya rufe shago ranar Juma'a ya shiga mota. Bayan an sallame ya miƙe a kan sandarsa a gaban dattawa ya ce a ba shi kula da aikin. Wani ya tambaya ko daga kan kujera zai ɗora bulo. Kawu ya ce kafin a haƙa tushe zai nuna musu masallacin gaba ɗaya a jikin bango, da majigi, yana motsi: a shiga ta ƙofa, a bi sahu-sahu har gaban liman, a fito ta wurin alwala, a ɗaga kai a ga hasumiya. Malam Abdurrahim ya ce to, a cikin kwanakin ƙaramar Sallah, lokacin da 'yan ci-rani suka dawo gida, a tara jama'a. In sun gani sun yarda, aiki nasa ne. In ba haka ba, a kira na Ringim.

Ya dawo ya duƙufa. Azumi ya kama, ga zafin bazara, shagon kamar tanda. Zanen ya fito da kyau ƙwarai. Ya sa tagogi a sama don iska ta riƙa ratsawa, ya ware wa mata ƙofarsu ta arewa, ya bar gurbin tsohuwar bishiyar darbejiyar da ke harabar. Matsalar ita ce motsin. Kwamfutar tana iya nuna hoto a tsaye, amma da ya ce ta yi tafiya a cikin ginin sai ta riƙa tsalle tana tsayawa kamar motar da ruwa ya shiga wa mai. Wani ɗalibi da ya kawo min aiki ya leƙa ya ce sai an sa mata katin hoto, wato wani allo da ake sokawa a ciki, shi ke ɗaukar nauyin zane mai motsi. Kawu ya tafi Kano ya dawo da shi a naɗe cikin jarida, na hannu ne, ba kwali. Dogo ne, mai fanka biyu. Wanda ya sayar masa ya haɗa masa da wata 'yar waya ya ce da ita zai jona wa katin wuta, tunda kwamfutarsa ba ta da bakin da ya dace.

Da hantsi ya kwantar da akwatin a kan benci a ƙofar shago, inda haske yake, ya kwance murfin. Kafin ya gama ɗaure katin, Kawu Ɗan'inna ya tsallako titi, hannu a baya. Tela ya bar kekensa ya fito, don ya san za a yi.

Kawu Ɗan'inna ya sunkuya ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya fashe da dariya.

"Jama'a, ku zo ku ga an ɗora wa jaki kayan tirela!"

"Matsa min daga haske, bawa."

"Gurgu, ka ga wannan akwatin na kusurwa mai fanka a baya? Fawa-fak ke nan. Shi ke karɓar wuta ya raba wa kowa a ciki. Wat ɗari uku aka rubuta a jikinsa, shi ma lokacin yana saurayi. Wannan ƙaton da ka sayo shi kaɗai zai lashe tukunyar. Ga kuma wata igiyar rake da aka ba ka wai waya." Ya juya wajen tela. "Ai irin mai ita ce. Ƙugu ɗaya ya mutu, amma wai bene za a hau. Wallahi sai ta faɗo kamar yadda ya faɗo!"

Tela ya riƙe ciki. Kawu Lado bai ɗago ba.

"Da ka san wuta," in ji shi, "da ba ka ƙona rediyon mutane rabin Dutse ba. Tafi ka lallaɓa bangonka kafin ya danne maka 'ya'ya."

Ya mayar da murfi, muka kama akwatin muka shigar, ya jona ya danna. Fankoki suka tashi, allo ya kawo, masallaci ya bayyana tas, har inuwar ginshiƙai. Kawu ya fito ƙofa ya ɗaga sanda sama.

"Bawa! Zo ka ga jaki ya ja tirela!"

Murnar ba ta kai la'asar ba. Muddin yana zane ne ko yana juya hoton a hankali, lafiya lau. Amma da ya ba ta umarnin ta haɗa tafiyar gaba ɗaya ta mai da ita bidiyo, sai fankoki su ɗau kuka, a ɗan jima ta ɗauke ɗif, kamar an zare ta daga bango. Ƙwan shago na ci, fankar sama na juyawa, ita kaɗai ta mutu.

Kawu ya ce wutar gari ce ta yi ƙasa. Ya aro sitabilaiza, na'urar daidaita wuta. Ta mutu. Ya ce sitabilaizar ce ƙarama, ya ja waya daga janaretan tela. Ta mutu. Ya ce zafi ne, ya cire murfin ya kafa mata fankar tsaye, mu muna gumi ita tana shan iska. Ta ƙara ɗan jimawa, ta mutu. Duk abin da ke wajen akwatin sai da ya canza shi. Ƙaramin akwatin kusurwar nan kuwa ko kallonsa ba ya yi.

Na duba lambar katin a wayata. Masu shi sun rubuta yana son fawa-fak mai wat ɗari biyar da hamsin. Na jira shago ya zama ba kowa, na ce, "Kawu, na ga an rubuta wai katin yana son wanda ya fi wannan ƙarfi."

Ya juyo a hankali. "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Kawu. A waya na gani."

"Na tsallaken ne ya gyara miki wayar ai. Fiddausi, takardun mutane aka ce ki buga, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

Washegari ya zo da wata fassarar. A wajen mai kayan miya na fara jinsa yana faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi don a ji. Ya ce kwamfutarsa lafiyarta ƙalau har sai da wani ya tsaya a kanta ya rantse za ta faɗi. Ya ce ranar da ya faɗo daga bene ma, da safe mutumin nan ya wuce ta wurin aikin ya ɗaga kai ya ce masa a sauko lafiya. Ya ce ku duba ko bangon gidansa bai tsira daga bakinsa ba. Bai ambaci suna ba, bai kuma yi dariya ba, kuma rashin dariyar ne ya sa maganar ta yi ƙafa.

Kambun baka ba ƙaramin zargi ba ne ga mai sana'a. Cikin 'yan kwanaki na ga abin da idona. Wata mata ta zo da waya a hannu, goye da jariri, ta kai bakin shagon Kawu Ɗan'inna, wata ta ja ta gefe ta raɗa mata magana, sai ta gyara mayafi ta rufe kan yaron ta wuce gaba. Mai shayi, da ke fitowa da yamma saboda masu buɗa-baki, ya daina yi masa tayin zama. In ya ce wa mutum "sabon babur ke nan?" sai ka ji an yi saurin cewa "Masha Allahu, tubarkalla," ana tofawa. Safiya ta daina buɗewa da zagi. Kawu Ɗan'inna ya zauna a ƙofarsa yana kallon tsallake, ba ya ƙiftawa.

Magana ta kai kunnen Dada. Tana zaune ne a gidan ɗanta a Fagoji, ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni amma murya na nan. Ta aika a kira su duka bayan la'asar. Ni na raka Kawu Lado, don hawa keke-napep da sauka na yi masa wuya. Na zauna a bakin ƙofa wajen takalma.

Suka gaishe ta, kowa ya zauna a nasa gefen tabarma. Ba ta amsa da sakin fuska ba.

"A cikin watan azumi," ta ce, "da furfura a gemunku. Kai Lado, ɗan wana, kai ne ke yawo da sunan ɗan'uwanka a kasuwa?"

"Dada, ban kama sunan kowa ba."

"Rufe min baki. Ni ka mayar yarinya?" Ta juya ɗaya gefen. "Kai kuma, me ka faɗa a kan na'urarsa?"

"Dada, abin da muka saba ne."

"Na san abin da kuka saba. Ni ma na yi wasa da nawa taubasan har suka mutu, ba wanda ya kwana da ciwon maganata. Tambaya ɗaya zan yi maka. Maganar nan da ka yi, gaske ce ko wasa? In gaske ce, akwai abin da ya lalace, to yanzu-yanzu ka ɗau kayan aikinka ka bi shi ka gyara. Masallacin da wana ya gina ne, ba zan ji an ba bare ba ina da ku biyu. In kuwa wasa ce, ka janye bakinka a gabana, ka sa albarka, shi ma ya je ya wanke ka a inda ya ɓata ka."

Kafin ya amsa, Kawu Lado ya riga shi.

"Dada, ko gaske ce, hannunsa ba zai taɓa min kaya ba. Mai gaskiya ba ya tara tela da mai shayi ya haɗa da ƙafata."

"Ba kai na tambaya ba."

Ana jin ƙarar turmi daga maƙwabta, ana dakan kayan kunu. Kawu Ɗan'inna ya kalli taubashinsa tun daga hula har sandar da ke kwance a gefensa. Ya daɗe. Na ga leɓensa ya motsa sau ɗaya ya fasa. Sannan ya yi murmushi, irin na safiya.

"Wasa ce, Dada. Me zan sani a kan na'urar manya? Ni da ke ƙona rediyo."

"To janye."

"Na janye. Allah ya sa albarka, Allah ya sa a gama lafiya."

Dada ta sa suka yi musabaha. Yatsu kawai suka haɗu. A hanya Kawu Lado ya yi ta tsokanar mai keken, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Da muka sauka ya ce min, "Kin ji da kunnenki ko? Ke da wayarki."

Bai je ya wanke kowa a kasuwa ba. Ya dai daina maganar.

Daga nan ya samo dabara. Ya lura in da sassafe ne, kafin rana ta gasa kwanon shago, kwamfutar tana jurewa ta haɗa ɗan guntun bidiyo. Sai ya riƙa yanka tafiyar gunduwa-gunduwa: yau ƙofar shiga, gobe sahun farko. Kowane guntu ya fita sai ya ce, "Kin gani, baki ya sauka." Wani wari-wari na tashi daga bayan akwatin, kamar an bar bokitin roba kusa da murhu. Na ce, "Kawu, ana jin ƙauri." Ya ce sabon kaya haka yake. Na ce ko in kwafe masa aikin a filas ɗina, 'yar ma'ajiyar da ake sokawa a kwamfuta. Ya ce filas ɗin da ya shiga kwamfutar kowane ɗalibi a Dutse ba zai shigar masa da cuta cikin masallaci ba.

Azumi ya zo ƙarshe, saura babban guntu, wanda za a fito harabar a ɗaga kai a zagaya hasumiya. Shi ya fi kowanne nauyi, ga bishiya ga inuwa ga sararin sama, kuma ba ya yankuwa. Safiya ba ta isa ba. Ranar jajibere, gari ya cika da masu cefane, tela na ta faɗa da masu karɓar ɗinki, Kawu ya ce yau sai an gama. Ya danna tun hantsi. Ta ɗauke. Ya sake kunnawa nan take, bai bari ta huce ba. Ta ɗauke. Ya sake. Bayan azahar, a karo na ban san nawa ba, fankoki suka yi wani kuka da ban taɓa ji ba, sai fat! Wani farin hayaƙi ya fito ta baya, ƙauri ya cika shagon. Na zare wayar daga bango.

Kawu ya zauna yana kallon baƙin allo. Ya danna maɓalli. Ya sake dannawa. Tela ya leƙo yana tambaya ko gobara ce. A tsallaken titi Kawu Ɗan'inna na tsaye a ƙofarsa, ya ga hayaƙin sarai. Bai tsallako ba, bai kuma shiga ciki ba.

Muka ɗauki akwatin a keke-napep zuwa wajen wani mai gyara a kasuwa, wanda ke shirin rufewa ya tafi garinsu. Ya buɗe, ya ɗaga 'yar wayar nan ta Kano, ta narke ta manne. Ya ce fawa-fak ya ƙone, kuma da zai tafi bai tafi shi kaɗai ba, ya harba wuta cikin babban allon cikin akwatin da kuma ma'ajiyar da aikin ke ciki. Ya gwada ma'ajiyar a tasa kwamfutar, ko motsi. Ya ce wataƙila a Kano a samu mai iya ciro wani abu, bayan Sallah, shi ma ba tabbas.

"Baba, wa ya haɗa maka wannan katin a kan wannan fawa-fak ɗin? Ba wanda ya gaya maka?"

Kawu ya ce, "Rufe min kayana."

Na ɗauka ba zai je ƙauye ba. Umma ma ta ce ya aika da uzuri, a ce ciwon ƙugu ya tashi. Ya ce shi ba a taɓa aika uzuri da sunansa ba. Ranar taron ya sa farar shadda, muka shiga motar Taura.

Samarin gari sun riga sun ɗaure farin ƙyalle a bangon makarantar firamare. Sun aro majigi daga sakatariya, sun kawo janareta, sun jera tabarmi. 'Yan ci-rani daga Legas da Fatakwal na nan da sababbin kaya. Mata sun taru a baya ƙarƙashin wata darbejiya, a nan na zauna. Yara sai tsalle suke a gaban ƙyallen suna yin inuwa da hannu. Bayan magariba Malam Abdurrahim ya buɗe da addu'a, ya ce ga ɗan Sarkin Magina zai nuna wa jama'a masallacinsu.

Kawu ya miƙe. Hasken majigin ya faɗa a kansa, inuwarsa da ta sandar suka hau ƙyallen.

"Jama'a, na yi alkawari, ban cika ba. Na'urar ta ƙone da aikin a ciki. Ba ni da abin da zan nuna muku."

Ya ci gaba, yana son ya kwatanta da baki, tagogin sama da ƙofar mata da inda hasumiya za ta tsaya. Amma surutu ya riga ya tashi. Wani daga baya ya ce, "Dama talabijin ai ba ta gini." Aka yi dariya. Wani ɗan ci-rani ya ce shi ya baro abin yi ya zo kallon inuwar sanda. Malam Abdurrahim ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya saka wa Malam Lado da niyyarsa, sharaɗi kuwa sharaɗi ne, gobe kwamiti zai aika Ringim. Aka shafa. Samari suka fara kwance ƙyalle.

Kawu Ɗan'inna na cikin sahun gaba, ya zo gaida dangi. Wani tsoho ya zungure shi yana dariya, ya ce, "Taubashi, yau ga nama ya faɗi, ba ka yanka ba?" Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya bar wurin.

Mota ɗaya ce ta rage mai komawa Dutse da safe. A bakin titi muka sami Kawu Ɗan'inna yana jira. Babu kowa sai mu uku da mai sayar da rake can nesa. Kawu Lado ya tsaya a gabansa, ya dogara da sanda da hannu biyu.

"A gaban mahaifiyarka ka ce wasa ce."

"Na ce."

"Ƙarya ka yi mata."

"Kai ma ka san ƙarya ce tun kafin mu fito daga ɗakin. Tun ranar da ta fara ɗaukewa ka sani, Lado. Ka gwammace ta ƙone da ka tsallaka titi."

Kawu Lado bai musa ba. Mota ta zo, ɗaya ya shiga gaba, ɗaya ya shiga can baya, ni a tsakiya da buhun gero a ƙafata. Haka muka iso Dutse.

A Kano ba a ciro komai daga ma'ajiyar ba. Kawu ya haɗa wata kwamfutar a hankali, ya koma zana wa mutane gidaje, yana faɗa da su a kan banɗaki. Ranar da aka haƙa tushen masallaci an aiko masa da gayyata, ya ce yana da aiki. Da safiyar ranar yana buɗe kwaɗon shago Kawu Ɗan'inna ya zo wucewa ta gefenmu. Ya tsaya.

"Ina kwana, Malam Lado. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi."

Ya tsallaka ya buɗe nasa. Haka suke gaisawa har yau.